Tuta ɗaya da ta raba Z80 da 8080

Z80 da 8080 tsofaffin ƙwaƙwalen kwamfuta ne, wato processor. Duk wanda ya ce maka Z80 yana gudanar da duk abin da aka rubuta wa 8080, tambaye shi ko ya taɓa gwadawa da hannunsa. Ni na gwada, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Ƙaramin allo na haɗa don ɗalibaina su ga yadda kwamfuta take a farkon zamaninta. Na zaɓi Z80 ne saboda wuta ɗaya yake sha, bolt 5, alhali 8080 da Intel ya fitar a 1974 sai an kawo masa kala uku: +5, -5 da +12. Kuma gidansu ɗaya. Federico Faggin da ya jagoranci aikin 8080 shi ne ya bar Intel ya kafa Zilog, Masatoshi Shima ya biyo shi, suka fitar da Z80 a 1976, an tsara shi ya karanta umarnin 8080 yadda suke. Da wannan tabbacin na ɗora tsohuwar manhajar 8080 hankali kwance.

Ta tashi lafiya lau. Sai an shiga lissafi ta kauce hanya. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mita, na sauya ma'ajiyar bayanai, na sake narka dalma a ƙafafu arba'in na Z80 ɗin, duk a banza. Ashe allon ƙalau yake, tuta ɗaya ce ta jawo komai, wato 'yar alamar da ke tashi ko ta kwanta a cikin processor don nuna halin amsar da aka samu.

A 8080, bayan kowane tarawa ko ɗebewa, tutar P tana faɗa maka ko adadin 1 da ke cikin amsar cika ne ko mara. Tara 1 da 2, ka samu 3, wato 00000011. Ɗaya guda biyu, cika ke nan, sai tutar ta tashi. Zilog kuwa ya ɗora wa wannan tutar aiki na biyu: bayan lissafi tana nuna ko amsar ta tumbatsa ne, wato ta fi ƙarfin gurbinta, sai bayan umarni irin su AND, OR da XOR take komawa aikinta na asali. Ga 1 da 2 babu tumbatsa, don haka a Z80 tutar na kwance, umarnin JPE kuma, mai tsallakawa in tutar ta tashi, ya ƙi tsallakawa inda marubucin ya nufa. Lambar umarni ɗaya, hali daban!

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan tutar ba kayan ado ba ce. Gado ce daga Datapoint 2200, na'urar wani kamfanin Texas da aka tsara 8008, magabacin 8080, dominta kafin ya fito a 1972, inda ake buƙatar ta wajen tantance haruffan da ke bin waya. Intel ya riƙe ta a 8080, a 8085, a 8086 na 1978, har zuriyarsa da ke cikin kwamfutoci yau. Amma rubuce-rubucen da na karanta kafin in fara sun ce “sun dace da juna” kawai suka wuce.

Kafin ka taɓa waya ko ɗaya, nemo duk JPE da kishiyarsa JPO da ke cikin manhajar, ka duba abin da ya gabace su. In lissafi ne, saka umarnin OR A a tsakani, tutar za ta dawo daidai. Sai dai ka kula, OR A yana share tutar riƙo (carry), don haka in ana buƙatarta a gaba sai ka adana ta tukuna. Da na gyara nawa haka, amsar farko da ta fito daidai ce, ɗaliban suka ɓarke da tafi.