Mutum 36 a sama, raga a kan hoto, sai kuma aji huɗu

Alhamis, filin dirar laima, kudancin Kalifoniya.

An kira taro ƙarfe 6:30 na safe, domin a wannan kwari iskar safe ce ta aiki. Da rana ta ɗaga ƙasa ta ɗauki zafi, iska sai ta riƙa tasowa gutsi-gutsi tana girgiza laima wajen sauka. Tsarin yau na mutum 36 ne masu rigar fukafukai da za su jera a sama, shida sau shida, murabba'i da aka tsayar a kan kusurwarsa: mutum ɗaya a tsinin gaba, shi ne jagora, ɗaya a tsinin baya. Jirage biyu, duka Twin Otter. Atisaye ne, ba yau ake neman kafa tarihi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin rigar fukafukai kusa ba, yadin nailan ne ninki biyu, an ɗinka shi tsakanin hannu da haƙarƙari ta kowane ɓangare, da kuma tsakanin ƙafafu. Akwai 'yan kafofi da iska ke shiga ta cika ninkin, ya yi tauri ya zama fiffike. Mai dira ba tare da ita ba yana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, minti ɗaya ya ishe shi. Da ita, a cikin sahu irin namu, faɗuwar takan tsaya wajen kilomita 110 a awa, sauran ƙarfin ya koma tafiya gaba. Ƙungiyar 'yan dirar laima ta Amurka, USPA, ta sa dira 200 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum zai yi kafin ya saka rigar karon farko, kuma masu shirya babban sahu suna neman fiye da haka nesa ba kusa ba.

Kafin a hau jirgi an yi gwajin ƙasa. Kowa ya saka rigarsa da hular kwano, aka jera a kan ciyawa, kowa a gidansa, kamar 'ya'yan dara. Abin da ake so mutum ya haddace shi ne launin rigar mutum biyu da ke gabansa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, da layin da ya ratsa ta kansu har zuwa jagora. A sama ba ka da lokacin tunanin sunan kowa, launi kawai ido ke kamawa. Shi ya sa aka hana canja riga tsakanin dira da dira sai an sanar.

Sai duba kaya, kuma nan ne babu wasa. Rigar tana rufe maɗaurin cinya gaba ɗaya, mutum zai iya zuge zif ɗinsa tsaf ya yi kyau a ido alhali ƙafarsa ba ta cikin maɗauri. An rasa rayuka ta wannan hanya. Dokarmu ita ce abokin dubawa ya sa hannu ya taɓa maɗaurin biyu ta cikin rigar, gani da ido bai wadatar ba. Bayan haka maɗaurin ƙirji, hannun yanke babbar laima, hannun laimar ko-ta-kwana, a tabbatar yadin riga bai haɗiye ko ɗaya ba. Akwai kuma na'urar da ke buɗe laimar ko-ta-kwana da kanta idan mutum ya suma. Irin wannan na'ura mai suna Cypres, samfurin ƙwararru, tana aiki ne in ta ga mutum yana faɗowa da mita 35 a daƙiƙa ko fiye, a wajen mita 225 daga ƙasa. Mu kuwa mita 30 a daƙiƙa muke yi. Wato mai rigar fukafukai zai iya isa ƙasa na'urar ba ta motsa ba, shi ya sa aka ƙera wadda ta dace da wannan riga, kuma shi ya sa ba wanda ke dogara da ita.

Mun fita daga jirgi a tsayin ƙafa 13,000. Da sahun ya fi haka girma da an ƙara tsayi don a sami lokaci, amma daga ƙafa 15,000 sama da teku dokar sufurin sama ta Amurka ta wajabta a tanadar wa kowa iskar oksijin, wannan kuwa wani aiki ne daban. Ƙofar Twin Otter a gefe take, wutsiyar jirgin na bayanta. Wanda ya buɗe fukafukai a bakin ƙofa, iskar farfela za ta cika su ta ɗaga shi sama ta maka shi da wutsiya. Saboda haka hannu a ƙirji, ƙafafu a haɗe, ka fita, ka ga wutsiya ta wuce ka, sannan ka buɗe.

Lissafin lokacin ba shi da yawa. Daga 13,000 zuwa 5,500 inda ake fara watsewa, ƙafa 7,500 ne, wajen mita 2,300, daƙiƙa 75 ke nan. Na ƙarshen fita daga jirgi na biyu sukan ƙone kusan rabin wannan wajen cimma jagora. Abin da ya rage shi ne lokacin da mutum 36 za su zauna daidai a tare.

Dirar farko ta yi faɗi da yawa, kowa na tsoron maƙwabcinsa, wannan ba sabon abu ba ne da safe. Ta biyu ta matse. A ta uku ne aka ga kuskuren da ya fi kowane yawa a wannan aiki: wani daga layi na huɗu ya zo a makare, ya tunkaro gidansa ta sama maimakon ta gefe. Bayan kowane mai shawagi, sama da gadon bayansa, akwai matacciyar iska wadda jikinsa ya riga ya tsaga. Fiffiken da ya shiga cikinta ba shi da abin dogara. Mutumin ya zube kan ƙafafun na gabansa, su biyun suka nutse ƙasa da sahu, wanda aka faɗo wa ya fara juyawa kamar farfela. Ya yi abin da ake koyarwa, ya dunƙule jikinsa ya rufe fukafukai har juyin ya mutu, ya sake buɗewa. Ba wanda ya ji ciwo, amma layi na biyar da na shida sun rasa launukan da suke bi, ɓangaren hagu duka ya karkace. Ƙa'idar ita ce ka fara daidaita tsayinka da na sahu tun kana nesa, sannan ka silalo cikin gidanka ta gefe a hankali. In ka makara, ka haƙura ka tsaya a waje. Gida ɗaya babu kowa ya fi mutum biyu su nutse ƙasa da sahu.

Watsewa kashi uku aka yi ta: na gefe su fara juyawa waje, na tsakiya su biyo baya, jagora ya miƙe. Kafin jan laima mutum yana buga dugadugansa sau uku don na bayansa ya gani. Ana rufe fiffiken ƙafa, hannaye biyu su koma baya a tare, ko da yake ɗaya ne ke jefa 'yar laimar da ke jawo babbar. In hannu ɗaya kawai ya koma, jiki zai karkace, laima ta buɗe da igiyoyi a murɗe. Matacciyar iskar nan ita ce kuma dalilin da ya sa muke amfani da doguwar igiya, wajen ƙafa 9, don 'yar laimar ta kai ga iska mai rai. Bayan buɗewa a zuge zif ɗin hannu tukuna, domin ba za ka iya kai hannu ga igiyoyin tuƙi ba sai ka yi haka.

Da hantsi aka shiga ɗakin bidiyo, inda ainihin hukuncin yake. Masu dira rub da ciki, ba tare da rigar fukafukai ba, suna kama hannun juna, alƙali ya ƙirga kamun, shi ke nan. Haka aka yi da mutum 400 a Udon Thani ta Tailan a 2006. Mu ba ma taɓa juna. To, da me za a ce tsari ya cika? A Nuwamban 2008 an haɗa mutum 71 a Lake Elsinore ta Kalifoniya, an yi murna, amma babu ma'aunin da za a riƙe. Daga nan aka zo da raga: mai ɗaukar hoto yana shawagi daidai saman sahu, a zaɓi hoto guda, a shimfiɗa masa ragar layuka a kwamfuta, kowane mutum ya kasance a gidan da aka rubuta masa tun kafin tashi. Da wannan ne mutum 68 suka kafa tarihin ƙasar Amurka a Elsinore a Nuwamban 2009, cikin siffar kan kibiya. A Satumban 2012 aka kai 100 a Perris, ita ma a Kalifoniya. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ba ta fitar da nata ƙa'idojin ba sai 2015, kuma a ƙarƙashinsu aka fara lissafi daga tushe: 42 a Moorsele ta Beljiyam a watan Yuni, 61 a Perris a Oktoba. Masu ganin 61 bayan 100 sukan ɗauka an koma baya. Ma'aunin ne ya canja.

Ni dai ina ganin ragar ta gyara wannan wasa. Tana da aibi, ba shakka: idan mai hoto bai tsaya daidai sama ba, sahun da ya yi kyau zai fito a karkace, kuma ba ta nuna wanda ya yi ƙasa ko sama da 'yan uwansa sosai. Amma ta kashe gardama. Yau an ɗora ta kan dira ta biyu, mutum huɗu suka fita daga gidajensu, dukansu a kusurwar dama. Da aka bi layin sai aka ga laifin ba nasu ba ne. Mutum na biyu bayan jagora ya ja baya da kamar rabin mita, na bayansa ya ƙara nasa rabin, kafin a kai layi na shida tazarar ta zama ta mutum guda.

Ƙarfe ɗaya iska ta wuce abin da za a iya sauka a cikinta, aka dakatar da tashi, mu shida muka tafi makarantar firamaren da aka shirya ziyara. Haɗa wannan wasa da taimakon 'yan makaranta ya daɗe. Taron 2009 ɗin nan ƙungiyar Raise the Sky ce ta shirya shi, ta 'yar wasan rigar fukafukai Taya Weiss, kuma an tara kuɗi ne don City Year, wadda aka kafa a Boston a 1988, take tura matasa cikin makarantu su taimaka wa yaran da ke neman barin karatu. Tsarin da muke bi mai sauƙi ne. Gudummawa tana tafiya kai tsaye zuwa asusun ƙungiyar agaji, ba ta bi ta hannun masu shirya dira, kuma ba a cakuɗa ta da kuɗin tikitin jirgi. A makaranta kowa ya nuna katin shaida a ofis, ba a ɗaukar hoton yaro sai iyayensa sun sa hannu a takarda.

Mutane kan tambaya me ya sa ba mu sauko da laima cikin filin makarantar ba. Wannan yana buƙatar izinin hukumar sufurin sama da aka nema tun da wuri, da mai dira mai shaidar ƙwarewa ta USPA da ake kira PRO, wadda ba a samu sai bayan dira 500. Ga kuɗin jirgi, wanda da an ba makarantar ya fi amfani.

Aji huɗu muka shiga, minti 45. An shimfiɗa riga ɗaya a ƙasa, aka hura mata iska da fanka don su ga yadda ninkin ke cika. Jakar laima kuma tana hannun mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, saboda hannun laimar ko-ta-kwana yana da sheƙi, shi yaro ke fara kai wa hannu, in kuwa aka ja shi sai an kai wa mai lasisin naɗewa. An kuma hana abin sha kusa da ita.

Abin da ya fi kama su shi ne hoton ragar. An buga shi babba, aka ba su takarda mai shara-shara mai layuka su ɗora da kansu su nemo waɗanda suka fita. Ba su ɗau lokaci ba suka gano huɗun nan, wata yarinya ma ta nuna na biyar wanda yake kan layi. Daga nan lissafi: in kana tafiya mita 2 gaba a kowace mita 1 da ka faɗo, kuma ka faɗo mita 3,000, ina za ka tsinci kanka? Kilomita 6. Sai tambaya ta biyu ta fito daga bakinsu, to yaya kuke komawa filin? Aka zana musu a allo yadda jirgi ke wuce filin, jagora ya karya kwana biyu ya dawo da sahun gida.

Sun yi laimar gwaji da leda mai faɗin santimita 30 kowane gefe, zare huɗu masu tsawo ɗaya, da ƙaramin wosha a ƙasa. Waɗanda zarensu bai yi daidai ba tasu ta karkace ta zube. Waɗanda suka yi daidai tasu ta sauko tana lilo, sai da aka huda ƙaramin rami a tsakiya iska ta sami mafita sannan ta nutsu.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ana mutuwa?" Abokin aikinmu ya ce masa e, ana mutuwa, har Patrick de Gayardon, Bafaranshen da ya fito da rigar zamani, ya rasu a Hawai a 1998 saboda kuskure a haɗin kayansa, kuma dalilin da ya sa wani ke duba wani kafin kowane tashi ke nan. Ya ƙara da cewa sai mutum ya kai shekara 18 ake barinsa ya yi dira. Amsar ta yi daidai a wurina. Bidiyon masu bin jikin dutse da rigar nan kuwa mun ƙi nunawa da gangan, ko da yake shi yaran suka fi sani. Daga kan dutse ake yin wannan, da laima ɗaya tak, kuma yawancin mace-macen da ake ji daga can suke.

Malamar ajin ta roƙi a bar mata hoton da takardun ragar, za ta yi darasin kusurwa da su mako mai zuwa. An bar mata.

Da yamma aka liƙa jerin gobe. An sauya mutum na biyu bayan jagora da wani mai riga ƙarama wanda ya fi iya riƙe gudu ɗaya, wanda ya faɗa matacciyar iska an matso da shi kusa da ƙofa don ya daina makara, mai hoto na biyu kuma zai bi sahun ta gefe domin a ga bambancin tsayi da ragar ba ta nunawa. Taro ƙarfe 6:15.