Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Fili Ɗari

A makon jiya na tsaya a inda muka kammala karatun aji na shekarar farko na koyon aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, aka rarraba mu asibitoci don mu koyi aiki da hannunmu. Ni sashen gwajin jini aka tura ni, ƙarƙashin wani dattijo da kowa ke kira Baba, har likitoci. Ya haura shekara ashirin yana zama gaban madubin hangen ƙwayoyin cuta, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba.

Mako biyu cur bai bar ni na taɓa majinyaci ba. Aikina wanke gilasan silaid, ƙananan gilasan da ake shimfiɗa jini a kansu, da goge su ɗaya bayan ɗaya, da tace rini. Abin ya dame ni sosai, don na zo ne da zumuɗin ɗibar jini. Sai daga baya na gane cewa gilashin da ke da maiƙo, ko da na ɗan yatsa ne, jini ba ya kwanciya a kansa yadda ya kamata.

A mako na uku aka kawo takarda daga ɗakin yara: yaro ɗan shekara huɗu, zazzaɓi kwana uku, ana son gwajin maleriya. Baba ya dube ni ya ce, "'Yata, je ki ɗauko."

Gwajin nan shimfiɗar jini biyu ake yi masa a kan gilashi ɗaya. Akwai mai kauri, wadda ake ɗiga jini a baza shi ya yi da'ira kamar faɗin santimita ɗaya, kaurinsa daidai yadda za a iya hango rubutun jarida ta ƙarƙashinsa kafin ya bushe. Akwai kuma siririya, wadda ake ja da bakin wani gilashin har ta yi wutsiya kamar gashin tsuntsu. Siririyar ake tsoma wa metanol, wani ruwan sinadari, don jajayen ƙwayoyin jini su kafe da siffarsu, a iya gane wane nau'in ƙwayar maleriya ce a cikinsu. Mai kaurin kuwa ba a barin metanol ya kusance ta, saboda so ake ruwan rinin ya fasa jajayen ƙwayoyin, abin da ya ɓuya a cikinsu ya fito fili. Na san wannan sarai, na rubuta shi a jarrabawa na kuma ci. Amma ranar hannuna na rawa, na tsoma gilashin gaba ɗaya a metanol.

Da ya bushe aka rina, Baba ya ɗaga shi sama ya kalla, ko madubi bai kai shi ba. Ya ce, "Kin kafe mai kaurin. Koma ki sake."

Komawar nan ita ce ta fi yi min nauyi. Yaron yana ganina da safar hannu ya fashe da kuka, ya cusa hannunsa a jikin uwarsa. Na ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, na farkon ne bai yi ba, laifina ne." Ba ta ce min komai ba. Ta kamo yatsansa ta miƙo min, ta kawar da kai.

Na biyun ya yi kyau. Na haɗa rinin Giemsa kashi 10 cikin 100 da ruwa mai pH 7.2, wato ma'aunin tsaminsa, na bar shi minti 10, na ɗauraye a hankali, na jingine ya bushe. Na ɗiga man madubi, na juyo gilashin nan mai lamba 100, wanda idan aka haɗa shi da na ido abu ke ninka girmansa sau 1,000. Fararen ƙwayoyin jini suka bayyana, shuɗi mai duhu, a warwatse. Kowane da'irar haske da ido ke gani a lokaci guda fili muke ce masa, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba aƙalla fili 100 kafin a ce babu komai. To ni kunya ta riga ta cika min ciki, ga tunanin na ɓata wa yaron lokaci. Na duba wajen fili ashirin, ban ga komai ba, na ɗauki biro na rubuta cewa ba a ga ƙwayar maleriya ba.

Sakamakon ɗalibi ba ya fita sai Baba ya sa hannu. Ya karanta, ya ce, "Fili nawa?"

Na ce, "Baba, na duba sosai."

"Ban tambaye ki sosai ba. Nawa?"

Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya zauna, hannun dama a kan abin matsar da gilashi, na hagu a kan na daidaita gani, yana tafiya layi-layi ba ya tsallake ko ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin juya jini daga can ɓangaren. Bayan wasu mintuna ya ɗago ya ce, "Zo ki gani. Duba wajen ƙarfe biyu na agogo."

Ga ta nan. Ɗan ɗigo ja, da siririn zobe shuɗi a manne da shi, kamar zoben hannu mai kan dutse. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko rabin farar ƙwayar da ke gefenta ba ta kai ba. Ya nuna min wani abu kusa da ita mai kama da ita, ya ce wannan faletilet ne, ƙwayar da ke daskarar da jini, ba shi da jan ɗigo mai tsabta. Ya nuna min gurbin rini, baƙi-baƙi, wanda ke ƙyalli idan an motsa gani. Waɗannan biyun su ke yaudarar sabon hannu, ya ga cuta inda babu. Ni kuma ta ɗaya ɓangaren na faɗa, na ce babu inda akwai.

Ya ba ni na'urar ƙirga guda biyu, ɗaya ta fararen ƙwayoyi, ɗaya ta ƙwayar cutar. Da na kai farare 200 ƙwayoyin maleriyar ba su da yawa, sai ya ce na ci gaba har 500. Huɗu na samu. Aka ninka da 8,000, adadin fararen ƙwayoyi da ake ɗauka a matsayin ma'auni a maikirolita ɗaya na jini, wato ɗan mitsitsin ɗigo, aka raba da 500, ya ba da ƙwayar maleriya 64 a kowace maikirolita. A siririyar shimfiɗa Baba ya daɗe yana nema kafin ya tabbatar falsifarum ce, nau'in da ya fi kisa, musamman a yara. Daga baya nas ta gaya mana an fara ba yaron magani a gida aka tsaya, abin da kan rage yawan ƙwayoyin ba tare da ya kawar da su ba.

Muna wanke hannu Baba ya ba ni labarin Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa da ya fara ganin wannan ƙwaya a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880. A ɗanyen jini ya gan ta, babu rini, don na Gustav Giemsa sai a 1904 ya fito. Ya ce, "Shi ba shi da abin da kike da shi. Zama ya yi ya duba."

Ina yawan tuna wannan rana idan matasa suka tambaye ni game da aikin nan. Sukan so su ji shekarun karatu, ni kuma nakan gaya musu: na taknishan shekara biyu zuwa uku ne, ya danganta da ƙasa, mai son zama masanin kimiyyar lab kuma sai ya yi digiri. Amma abin da ya fi damuna su sani shi ne likita ba ya ganin abin da muka gani. Takardarmu kawai yake gani, a kanta yake rubuta magani ko ya sallami majinyaci. Ko gwajin gaggawa na tsinke, mai fitowa cikin minti 15 zuwa 20, bai raba mu da madubi ba, don ba ya faɗin yawan ƙwayoyin, kuma yakan ci gaba da nuna alama makonni bayan an warke.

Baba ya soke abin da na rubuta da layi ɗaya, yadda za a iya karanta na ƙasan, ya sa hannu da kwanan wata a gefe. Ya miƙo min sabuwar takarda ya ce ni zan rubuta, ni kuma zan kai ɗakin yara da ƙafata. Na same su yaron ya yi barci, da auduga a yatsu biyu. Na ba nas takardar, ta karanta, ta tashi ta tafi kiran likita.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda aka mayar da ni sashen ma'ajiyar jini, da daren da aka kawo mai haihuwa tana zubar da jini alhali rukuninta O nagetif ne.