AX100 ɗina ya daina cijewa bayan gurza ta biyu

Alhamdulillahi, 'yan uwa masu koyo, tsohon babur ɗin nan Jincheng AX100 da na daɗe ina damun ku da zancensa ya miƙe, ya daina cijewa, wato fistin ya daina maƙalewa a ramin bulok in inji ya yi zafi. Jiya da rana tsaka na je Wudil na dawo a kansa, inji ya ɗauki zafi sosai, ya wuce matakin da yake shaƙewa a da, kuma ko gezau bai yi ba. Da na iso gida na cire fulogi na ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, ba fari fat ba. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa, don mashin ɗin nan ya sha min kai ƙwarai.

Waɗanda suka ga bulok ɗin ranar da na fara buɗe shi bayan cijewarsa ta farko sun san halin da yake ciki. Layuka ne a tsaye a ɓangaren tagar hayaƙi, wato kafar da hayaƙi ke fita daga ramin bulok, daga leɓen tagar har kusa da sama, ga alminiyon fistin ya narke ya manne a jikin ƙarfen. Kafin ka yanke wa bulok hukunci, ka fara cire wannan alminiyon. Na ɗan ɗiga asid na haidurokulorik da auduga a kan tsinke, a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau, ya yi kumfa, na wanke da ruwa da yawa na shafa mai nan take don kada tsatsa ta hau. Fiye da rabin layukan da suka tayar min da hankali sai suka ɓace, ashe a saman ƙarfe suke zaune, ba su shige shi ba. Guda biyu ne suka rage, kuma duk biyun farce yana maƙalewa a cikinsu. Abin da farce ya kama, honin, wato goge ramin da dutse, ba zai share shi ba, sai gurza, wato a faɗaɗa ramin a sa fistin mafi girma.

Ramin AX100 milimita 50 ne a sitanda. Na so a tsaya a ƙarin milimita 0.25 don in yi tanadin ƙarfe, amma 0.25 ɗin nan ƙarin faɗin ramin gaba ɗaya ne, wato abin da za a ci a kowane gefe 0.125 ne kawai, kuma zurfin layukan ya fi haka. Sai 0.50. Na sayi fistin da ringi a kwali mai rubutun 0.50, na kai bulok wurin wani mai tana, wato mai injin gurza ƙarfe. Ya dubi lambar kwalin, ya miƙo min fistin ɗina, ya ce in dawo bayan La'asar. Aiki ya fito yana ƙyalli. Na haɗa, kik ɗaya ya tashi.

Ban wuce Mariri ba na ji shi yana nauyi. Kun san yadda yake: ƙarar inji ta bushe, totur a buɗe amma gudu yana raguwa. Na damƙe kuloci kafin tayar baya ta ja, na gangara gefen titi. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne da ya huce sai ya tashi lafiya lau, kamar ba abin da ya faru. Haka ya riƙa yi min, in da sanyi garau, da ya yi zafi sai ya cije.

A nan ne na sha shawarwari. Wannan ya ce famfon mai ne, wancan ya ce man 2T ɗin jabu ne, wani ya ce fulogi ne mai zafi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na fitar da iska daga famfon, na daidaita wayarsa da alamar, na canja mai, har na zuba ɗan 2T a tanki don ƙarin kariya. Hayaƙi ya ƙaru, cijewa ba ta daina ba. Da na sake sauke tof da bulok, fistin ɗin da kansa ya nuna inda matsalar take. Tabo huɗu ne masu sheƙi a siket ɗinsa, wato jikinsa na ƙasa da ringi, biyu a gaba biyu a baya, kowanne a gefen ramin fin, ƙarfen da ke ratsa fistin ya riƙe shi. Rashin mai ko ƙarancin fetur yawanci ɓangaren hayaƙi yake fara ci, ƙura kuma ɓangaren kafireto take sudewa har ya dushe. Tabo a kusurwa huɗu yana nufin fistin ya kumbura ya rasa wurin zuwa, ko don an matsa wa inji tun bai ɗumama ba, ko don ramin ya yi masa kaɗan. Ni kuwa ba na tashi sai na ɗumama shi. Ban da wannan, ringin sama ya ɓantare a daidai tagar hayaƙi, ya ja sabon layi mai zurfi a bulok ɗin da na biya kuɗi aka gurza.

Maigidana ne ya tura ni wurin wani dattijo mai tana, wanda ya ce shi ke yi musu aiki tun zamanin da Suzuki da Yamaha suka cika gari. Na gaishe shi, na ajiye bulok a kan tebur. Bai ko taɓa shi ba ya ce, "Ɗana, ina fistin ɗin?" Na ce, "Baba, ga shi, amma ya lalace." Ya ce, "Shi nake so in gani." Ya goge shi, ya sa maikuromita a ƙasan siket, a gicciye da fin, inda tabon bai taɓa ba. Ya juya min in karanta da idona: 50.49. Ya zura agogon awo a ramin, sama da tsakiya da ƙasa: 50.50, wani wurin 50.51. Tazarar da ke tsakaninsu ke nan 0.01 zuwa 0.02, alhali irin wannan inji yana son kusan 0.04. Duka maganar ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen bulok, don haka wannan 'yar tazarar ita ce duk wurin da fistin yake da shi.

Mai tanar farko bai yi kuskuren lamba ba, ya yanka 50.50 daidai. Fistin ɗin ne ya fi abin da ya kamata kauri, don fistin mai kyau na 0.50 ana yin sa ne ƙasa da 50.50 da gwargwadon tazarar. Araha ba ta ado. Amma ni a ganina duk mai tanar da zai gurza bulok ba tare da ya auna fistin ɗin da zai zauna a ciki ba, bai gama aikinsa ba. Lambar kwali ba awo ba ce. Kuma da ya gama bai kashe kaifin tagogin ba. In aka gurza bulok na inji mai bugu biyu, leɓunan tagogin suna fitowa da kaifi, ringi kuwa yana ɗan leƙawa cikin tagar hayaƙi duk lokacin da ya wuce ta, don ita ce mafi faɗi. Wannan kaifin ne ya ɓantare min ringi.

Da don matsewar ce kaɗai, da honin ya isa ya buɗe tazarar. Sabon layin ne ya tilasta mana zuwa 0.75. Abin ya yi min ciwo, don kuɗin fistin biyu da gurza biyu da gaskit sun haura kuɗin sabon bulok na kasuwa da fistinsa. Na zaɓi in riƙe nawa ne saboda tagoginsa sun fi na sababbin da na duba tsabtar zubi. Wannan karon Baba ya auna sabon fistin tukuna, ya tsayar da yankan kafin ya kai awo, sannan ya ƙarasa ragowar da duwatsun honin yana aunawa yana komawa, har agogo ya nuna 0.04 da ɗan ɗoriya daga sama har ƙasa. Da na haska tocila a ciki na ga siraran layuka suna gicciye juna a kan kusurwa kusan digiri 45, ko'ina bai ɗaya, waɗanda su ne ke riƙe mai har ringi ya zauna. Sai ya ɗauko ƙaramin zarto mai lanƙwasa ya bi leɓen sama da na ƙasa na kowace taga, ya sa na shafa da yatsa. Santsi kawai na ji.

A gida na wanke bulok da ruwan zafi da omo da buroshi, ba da fetur ba, don fetur ba ya ɗaga garin dutsen honin daga cikin layukan. Na yi ta gogawa da farin ƙyalle mai ɗan mai har ya daina fitowa da toka-toka. Ringi na tura shi cikin rami da kan fistin don ya zauna daidai, filagej, ma'aunin tazara, ya ba ni 0.20 a bakin ringin, ban taɓa shi ba. Sababbin kilif, kibiyar fistin tana kallon salansa, bakin kowane ringi a kan ɗan ƙusarsa.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, saboda matsewa ta bayyana cijewa ta biyu ne kawai. Ta farkon fa, wadda ta ci ɓangaren hayaƙi a sitanda? Da na tayar da shi na lura in na saki totur inji ba ya sauka zuwa silo nan da nan, sai ya ɗan rataye a sama. Na toshe bakin kafireto da na salansa da faranti da robar tiyub, na sa fistin a ƙasa, na hura iska kaɗan da famfon keke ta ramin fulogi, ban wuce 6 a ma'aunin psi ba don kada in ture sil, robar da ke hana iska da mai shiga inji ta gefen kirankshaf. Allurar ma'aunin ta fara sauka, alamar iska tana zurarewa ta wani wuri. Na cire maganeto na zuba ruwan sabulu, sai ga kumfa tana tasowa a sil ɗin kirankshaf. Na wannan gefen iska yake sha, fetur ya yi ƙaranci, zafi ya hau, kuma ba hayaƙin da zai tona shi, ba kamar na gefen kuloci ba da ke jan man giya. Ɗan sil ɗin da kuɗinsa bai kai na fulogi biyu ba shi ya fara cinye min bulok. Na canja shi, allura ta tsaya cak.

Wanda ya tambaye ni ko zai iya yi wa bulok ɗin baburinsa na tsere irin wannan aikin, ka fara sa maganaɗisu a cikin ramin. In ya manne da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne, ana gurzawa. In da ƙyar yake kamawa, to alminiyon ne da aka yi wa rufin Nikasil, wanda kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967, haɗin nikel da silikon kabaid. Rufin siriri ne ƙwarai, gurzar 0.25 ma za ta cinye shi ta bar fistin a kan tsurar alminiyon. Irin wannan sai dai a kwashe tsohon rufin, a cike ramukan da walda, a sake rufawa, a yi honin da dutsen daimon, kuma kamfanonin da suka shahara da aikin suna Turai da Amurka. In kuɗin aikawa ya fi ƙarfinka, a sa maka silif, wato bututun ƙarfe da ake cusawa a ramin bulok, amma a inji mai bugu biyu sai an huda tagogin silif ɗin sun dace da na bulok, kuma ba kowane mai tana ne zai iya ba.

Nawa yanzu ya tashi daga 98cc zuwa kusan 101cc, kada wani ya yi zaton ƙarin gudu ne. Tankunan farko na bi shi a hankali, ina sauya totur, ba na barin sa a gudu ɗaya. Gurza ɗaya ta rage masa, 1.00, daga nan sai silif. Shi ya sa kafin hunturu ya shigo da ƙurarsa zan canja soson filtar iska da robar da ke tsakaninta da kafireto, don na ga ta fara tsagewa a wuya. Allurar kafireto kuma na bar ta mataki ɗaya sama har in ƙara ganin launin fulogi a doguwar tafiya.