Ƙofar da aka bari a buɗe a wani otal a Barnawa

Bara, ana tsakiyar zafin watan Afrilu, aka kira ni wani otal a Barnawa da ke Kaduna, wai na'urorin sanyaya ɗakuna na mutuwa da kansu cikin dare. Manaja ya ɗora wa wutar NEPA laifi, ni ma haka na zata. Kwana biyu na ɓata ina bin wayoyi kafin na zauna gaban kwamfutar da ke sarrafa ginin, wadda sanyi da janareta da famfon tanki duk a hannunta suke. Nan na ga ana ta gwada shigarta daga adireshin ƙasashen waje, dare da rana.

Ashe wanda ya haɗa kayan ya buɗe ƙofofi biyu a rauta, wato na'urar da ke haɗa ginin da intanet, don ya riƙa duba aiki daga gida: 3389 ta sarrafa kwamfuta daga nesa, da 502 ta Modbus, yaren da ake ba na'urori umarni da shi. Ta biyun ce ta fi tayar min da hankali. Tun 1979 aka ƙirƙiro Modbus, lokacin da ba a tunanin ɓarawo zai biyo ta waya, don haka ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya iso ya ce a kashe, na'ura kashewa za ta yi. Kuma gano irin wannan ƙofa ba wuya, Shodan, shafin binciken na'urorin da ke haɗe da intanet, kullum cikin zaƙulo su yake.

Na rufe duka biyun, na raba layin na'urorin da na intanet ɗin baƙi, na canza kalmar sirrin da kayan suka zo da ita daga kamfani, na sabunta manhaja. Tun daga ranar, duk ginin da na shiga rauta nake fara dubawa.

Aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan mai otal ɗin ya yarda ƙofofin su zauna a rufe.

"Injiniya, ni fa ko ina Kano da wayata nake duba janareta," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, yadda kake shiga haka kowa ke shiga."

Na ba shi labarin kantunan Target na Amurka, inda a 2013 masu kutse suka bi ta bayanan shigar ɗan kwangilar na'urorin sanyi suka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. Ya yi shiru, sannan ya miƙo min wayarsa. Na sa masa WireGuard, manhajar da ke buɗe hanyar sirri wadda sai mai makulli ke bi, na ba shi makullinsa shi kaɗai, na manaja daban. Har damina ta sauka ba a sake kirana kan sanyi ba.