Alhamis: "Umma, mu wane ɓangare muke?"

Yau ban je makaranta ba. Ummi ta kwana da mura da ɗan zazzaɓi, hazon nan da ya sauko tun shekaranjiya bai bar kowa ba, har Auta tari yake kamar tsohon injin markaɗe. Na kira shugabar makaranta bayan sallar asuba, ta ce in zauna abina. An kawo wuta wajen ƙarfe bakwai, abin mamaki, na goge kayan kwana biyar, na soya ƙosai, na ce yau ranar tawa ce.

Da hantsi jikin Ummi ya yi sauƙi, ta jawo tabarma inda rana ke faɗowa, ta ɗauko littafinta. Kun san a hutun da ya wuce ta cinye na farko a jerin littattafan Narnia, wanda yara huɗu suka shiga sif ɗin kaya suka ɓulla ƙasar da Farar Mayya ta mayar kullum hunturu. Sati guda ta yi tana ƙwanƙwasa bayan sif ɗina ko zai buɗe. Tun ranar Litinin kuma ta koma kan The Horse and His Boy, wato doki da yaronsa. Sunan kaɗai ya ba ta dariya, wai doki ne mai yaro.

Ina tsince shinkafa sai na ji ta ce, "Umma, mu wane ɓangare muke?"

"Ɓangaren me kuma?"

"A littafin nan. 'Yan Narnia farare ne. Mutanen Calormen kuma fatarsu da duhu, suna da gemu, suna naɗa rawani. In an ambaci sarkinsu sai an ce ya rayu har abada, kamar yadda Baffa yake cewa ransa ya daɗe. Kuma su ne mugayen."

Ban ko ɗago kai ba na ce, "Ke dai karanta abinki, tatsuniya ce kawai."

Ta ɗan yi shiru tana kallona, sannan ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin shi ya hana ni sakat yini guda.

Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji biyar ina ce musu babu labarin da yake zuwa hannu rabbana, har Gizo da Ƙoƙi akwai abin da suke koya wa yaro game da wayo da haɗama. Ni ce yau na sallami 'yata da "tatsuniya ce kawai" don kada shinkafa ta makara. Shi kansa mai littafin, C. S. Lewis, ba zai karɓi wannan amsa ba. Yana saurayi ya bar addini gaba ɗaya, kuma ya daɗe yana ganin tsofaffin labaran mutanen da ƙarya ce da aka yi wa ado. Wani dare a watan Satumba na 1931 suka yi doguwar hira a Oxford da abokansa biyu, Tolkien da Hugo Dyson, har cikin tsakar dare, suna nuna masa cewa labari yakan ɗauko gaskiyar da hujja ba ta iya ɗaukowa. Kwanaki kaɗan bayan nan ya koma Kiristanci. Mutumin da hira kan tatsuniya ta juya masa rayuwa, ba wasa ya zauna yi ba da ya rubuta wa yara littattafai bakwai da suka fito tsakanin 1950 da 1956. Mu ma da muke rufe tamu da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", ai mun san ba duka ce ƙarya ba.

Abin haushin shi ne na shirya wa wata tambayar daban. Da ƙaramar sallah Yaya ya ga littafin farko a hannun Ummi, ya juya shi ya ce, "Wannan ai wa'azin Kirista ne aka lulluɓe da fatar zaki." Ban musa masa ba, don gaskiyarsa. Lewis ba limamin coci ba ne, malamin adabi ne, ya koyar a Oxford daga 1925 zuwa 1954 sannan ya koma Cambridge, amma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu muryarsa mutanen Ingila suka riƙa ji a rediyon BBC yana bayanin addininsa. Zakin nan Aslan da aka yanka a kan teburin dutse a madadin yaron da ya sayar da 'yan'uwansa saboda alewar Turkiyya, sannan ya tashi da rai, duk wanda ya san aƙidar Kirista ya san wa ake nufi. Na ce wa Yaya na riga na zaunar da ita na faɗa mata wannan imanin mai littafin ne, namu daban, kuma yarinyar da ke zuwa Islamiyya kullum da yamma ba zaki ne zai rikita mata tauhidi ba. Muka rabu kowa da ra'ayinsa, ya ce Allah ya kyauta, na ce amin.

Maganar rawani ce ban shirya mata ba. Ina shekara goma sha tara na sayi littafin dokin nan wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin ƙofar jami'a, na karanta shi a dare biyu. Da su Shasta, yaron dokin, suka tsallake hamada suna gudu daga Tashbaan, babban birnin Calormen, zuwa arewa, tare da su na gudu. Ko sau ɗaya ban waiwaya na ga cewa mutanen da muke gudu daga wajensu sun fi kama da kawunnaina ba. Da dokin ya ƙi yi wa sarki addu'ar tsawon rai, wai shi ɗa ne ba bawa ba, har daɗi na ji, alhali da safen ranar na durƙusa na ce wa Baffa ranka ya daɗe. Sai yau 'yar shekara tara ta gani a kwana huɗu.

Da azahar na yi ta kare Lewis a zuciyata kamar lauya. Mutanen Calormen ba Musulmi ba ne, gumaka suke bauta wa, babban cikinsu Tash, mai kan tsuntsu da hannu huɗu. Jarumar littafin, Aravis, 'yar ƙasar ce, ta gudu ne don za a yi mata auren dole da wani tsoho, kuma ta fi yaron ƙarfin hali a wurare da yawa. Lewis har yabon su ya yi da iya ba da labari, ya ce a can ana koya wa yara shi kamar yadda ake koya wa 'yan Ingila rubutun insha'i, sai dai labari kowa yana son ji, insha'i kuwa babu mai ɗokin karantawa. Nan kam na yarda da shi, kwali guda na insha'i ke jirana. A littafin ƙarshe ma akwai wani sojansu mai gaskiya, Emeth, wanda zakin ya karɓa duk da Tash ya bauta wa tsawon rayuwarsa.

Amma a wannan littafin na ƙarshe ne aka kwatanta su da masu warin tafarnuwa da albasa. Ina tuna wannan ina yanka albasar miya. Na kalli hannuna, dariya ta zo mini, ba ta kai ga fitowa ba.

An ɗauke wuta ƙarfe biyu. Auta ya zubar da man shafawa a kan darduma.

Da Abban Ummi ya dawo na ba shi labari yana cin abinci. Ya ce, "To ki ɗauke littafin mana, ki ba ta wani." Shi komai a wajensa mai sauƙi ne, Allah ya bar mana shi. Na ce ba zan iya ba, ya tambayi dalili, na ce sai an jima.

Dalilin ba na cin abinci ba ne. An haifi Lewis a birnin Belfast na tsibirin Ireland a 1898, yana shekara tara ciwon daji ya ɗauke mahaifiyarsa, a 1908, kuma makonni kaɗan bayan rasuwar aka tura shi makarantar kwana a Ingila. Shekara arba'in da bakwai bayan nan, a 1955, ya fitar da littafin Narnia wanda a cikinsa wani yaro ya kawo wa mahaifiyarsa da ke kwance tuffa daga wata duniya, ta ci ta warke. Dattijo mai furfura, masanin da ake ji da shi, ya zauna ya rubuta wa kansa abin da bai samu ba. Wannan littafin ne a jakata watan da na yi jinyar Inna a asibiti. A kan benci na karanta wurin tuffar, da daddare, ana jin ƙarar injin wuta, na yi kukan da ban yi a gabanta ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Shi ma bai tsira ba, matar da ya aura yana shekara 57, Joy Davidman, ciwon dajin ne ya kashe ta a 1960, shi kuma ya bi ta a 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka.

To mutumin da ya zauna da ni a bencin nan, shi ne kuma ya naɗa wa mugayensa rawani. Duka biyun na sani, kuma babu wanda ya goge ɗaya. Ga Ummi, mai sunan Inna, shekararta tara cif.

Bayan isha na je duba jikinta. Zazzaɓin ya sauka. Na zauna a bakin katifa na ce, "Ummi, amsar da na ba ki ɗazu ba ta yi ba. Abin da kika gani yana nan, ba idonki ba ne. Baturen da ya rubuta littafin bai san masu rawani ba sai a tsofaffin littattafai, ya ɗauko kamarsu ya ba wa mugayensa. Bai kyauta ba. Kina iya son labarin kuma ki ce nan wurin bai kyauta ba."

Ta ce, "Ai na riga na zaɓa. Ni ce Aravis."

"Madalla."

"Amma Umma, na leƙa ƙarshen. Ta zama sarauniya a can ƙasar fararen. Ba ta koma gida ba ke nan? Ko gaida babanta?"

Na ce ta kwanta, dare ya yi, gobe ma yi maganar. Karo na biyu ke nan a yini ɗaya.

Ta tura littafin ƙarƙashin matashi ta juya wa bango. Ni kuma ga ni nan da fitilar waya, insha'i sittin da biyu ban duba ko ɗaya ba, kuma ban jiƙa waken gobe ba.