Jikokin Tsoho Hemp: wasiƙa daga kan iyakar Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa yana lafiya, da iyali da dabbobi. Mu nan sai godiya, in ban da sanyi da yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Na san wani zai ce an tura mutum karatun kiwo ya ɓige da ba mu labarin kare. Ku yi haƙuri ku ji. Karen kiwo ne, irin wanda malamai suka ce babu laifi a ajiye shi, kuma a tuddan Northumberland, yankin Ingila da ke kan iyaka da Scotland, inda nake zuwa koyon aiki a wata gonar tumaki, in babu shi babu kiwon. Sunan irinsa koli, amma ba ruwansa da 'yan kolinmu na kasuwa.

Mai gonar dattijo ne, Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Ranar da na fara zuwa, ya tsaya a bakin shinge, hannu ɗaya cikin aljihu, tumaki sun bazu can kan tudu kamar an watsa auduga. Fito ɗaya ya yi. Karyarsa, baƙa mai farin wuya, ta fita a guje. Ba ta nufe su kai tsaye ba, sai ta yi dogon zagaye ta ɓullo musu ta baya, ta sunkuyar da kai, ƙirji dab da ƙasa, tana sanɗa kamar kyanwa ta hango ɓera. Babu haushi, babu cizo. Wata tsohuwar tunkiya ta juyo ta doka ƙafa a ƙasa, alamar ba za ta tafi ba. Karyar ta tsaya cak ta kafe ta da ido. Aka yi ta kallon-kallo, har tunkiyar ta gaji ta juya ta bi garke. Makiyayan nan "ido" suke kiran wannan baiwa, kuma da shi suke fara auna kare.

Na ce, "Baba, shekara nawa ka yi kana koya mata wannan?" Ya ce fito kawai ya koya mata, ido kuwa da shi aka haife ta. Da muka shiga gida ya ciro takardar nasabarta daga cikin durowa, inda ya haɗa ta da rasit-rasit na abincin dabbobi.

In ka bi irin wannan takarda baya-baya, kan kare ɗaya za ka tsaya. Sunansa Old Hemp, wato Tsoho Hemp, an haife shi a 1893 a wannan yanki, a hannun wani makiyayi, Adam Telfer, ya mutu a 1901. Ana ba da labarin cewa ubansa, Roy, mai sanyin hali ne amma idonsa ba ƙarfi, uwarsa Meg kuma idon ya yi mata yawa. Hemp ya ɗebo na kirki daga kowane ɓangare. A zamanin, yawancin karnukan kiwo da hayaniya suke kora tumaki, shi kuwa shiru yake aikinsa, tumaki na binsa salin-alin. Labari ya bazu, makiyaya suka riƙa kawo karyoyinsu barbara, har aka ƙiyasta 'ya'yansa sun haura 200. Ƙungiyar masu karnukan kiwon tumaki ta ISDS, wadda aka kafa a 1906, ta ba shi lamba 9 a kundin nasabarta. Sunan "kolin kan iyaka" ma sai a 1915 sakataren ƙungiyar, James Reid, ya fara amfani da shi, bayan Hemp ya daɗe a ƙasa.

Shekara saba'in bayan haihuwar Hemp aka sake yin irinsa. Wiston Cap, mai lamba 31154, haihuwar 1963, ya ci babbar gasar ƙungiyar a 1965 a hannun John Richardson, yana da kimanin shekara biyu. Siffarsa ce, a sunkuye yana sanɗa, take jikin tambarin ƙungiyar har yau. 'Ya'yansa uku sun ci wannan gasa, jikokinsa uku ma sun ci. Baba ya ɗora yatsa a kan takarda ya nuna mini inda jininsa ya shigo wa karyarsa ta wajen uba, ya sake nuna mini ta wajen uwa, yana murmushi irin na mai nuna dangantakarsa da gidan sarauta.

Ni kuwa wannan maimaicin ne ya tsaya mini a rai. Ku lissafa: iyaye biyu, kakanni huɗu, takwas, sha shida, kafin ka kai hawa na bakwai guraben kakanni sun zama 254. A nasabar Wiston Cap shi kansa, sunan wani kare ɗaya, Cap na J. M. Wilson, ya fito sau 16 cikin hawa bakwai. Auren zumunci ke nan a kan auren zumunci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: karya 'yan haihuwa kaɗan za ta yi a rayuwarta, namiji kuwa, in ya yi suna, sai ya zagaye ƙasa. Duk wanda ya ci gasa bana, baɗi kowa wurinsa zai kai karyarsa, sauran mazan, ko da nagari ne, su mutu ba magaji.

To, jini ba ya zaɓe. Yadda yake ɗauko ido da biyayya, haka yake ɗauko ɓoyayyen aibi. Akwai cututtukan gado da ba sa bayyana sai ɗa ya gaje su ta uwa da uba gaba ɗaya. Kare zai yi rayuwarsa garau yana ɗauke da rabi, ya raba wa rabin 'ya'yansa ba wanda ya sani. Sai jikoki masu ɗauke da rabin sun haɗu da junansu, a cikin kowane kwikwiyo huɗu a sa ran ɗaya ya fito da ita. Haka wata nakasar ido take yawo a zuriyar koli, mai sauƙinta ba a ma lura, mai tsananinta har makanta.

Misalin da ya fi girgiza ni yana wajen ɗan uwan kolin kan iyaka, wato koli mai dogon gashi da dogon baki, wanda ake kaiwa gasar kyau. Shi ma asalinsa na komawa ga kare ɗaya, Trefoil, haihuwar 1873, na S. E. Shirley, mutumin da ya kafa ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club a wannan shekarar. Kun san ivermectin, maganin tsutsa da kaska da muke yi wa shanu da awaki allurarsa. A jikin dabba akwai wani mai gadi da ke hana irin wannan magani shiga ƙwaƙwalwa. A 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka suka gano cewa a wannan koli ƙwayar halittar da ke samar da mai gadin ta lalace, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari suna ɗauke da lahanin. In aka ba wanda abin ya kama magani mai yawa, kamar na ƙazuwa, sai dalala da karkarwa da tangaɗi, wani ya suma, wani ya mutu. Tun kafin a san dalili likitocin dabbobi suke gargaɗin juna cewa in ka ga kare mai farar ƙafa, ka janye hannu. Da aka bi sawun lahanin, sai aka tarar daga kare guda ya taso, wanda ya rayu a Birtaniya kafin a fara rubuta nasaba, ko sunansa babu.

Ba na ganin laifin Telfer ko Richardson. Kowa ya ga na kirki zai so iri. Yanzu dai ana goga auduga a cikin kumatun kare a aika ɗakin gwaji, a san abin da yake ɗauke da shi kafin barbara. Baba ya yi wa karyarsa, ko da yake sai da ya yi ta mitar kuɗin. Bana kuma ya ƙi kai ta wurin zakaran da kowa ke rububi, ya zaɓi wani karen maƙwabcin gona da bai taɓa shiga gasa ba, don ya daɗe yana kallon aikinsa a kan tudu, takardarsa kuma ta ɗan yi nesa da tata.

Wannan ya tuna mini da garkenmu na gida, inda muke yin akasin haka. Ragon da ya fi kowanne girma da kyau, Balami ne ko Uda, shi muke turkewa mu sayar da layya, wanda ya rage shi ke bin tumaki, har ya bi 'ya'yansa, ba takarda ba lissafi. Don Allah wanda ya karanta wannan a unguwarmu ya gaya wa Baffa kada ya sayar da farin ragon nan mai dogon kunne sai ya bar mana iri, in ya bari kuma, bayan shekara biyu ya yi musayarsa da na wani gari.

A gaishe da kowa da kowa. Sai mun sake saduwa.

Naku,
ɗalibin kiwo a arewacin Ingila