Burodi da niƙaƙƙen nama mai romo, abincinmu na daren Juma'a

Ranar Juma'a ba na son tuƙa tuwo da dare, gaskiya kenan. Ranar kasuwa ce a nan Maradi, ita da Litinin, to in na taso daga aiki na biya babbar kasuwa na yi cefane na dawo cikin ranar nan tamu, ga kayan lakwal na yara jibge suna jiran wanki, wallahi hannuna ba ya iya riƙe muciya. Da can sai dai a aiki yaro wajen mai shayi ya sawo burodi da ƙwai, ko a ɗuma abin da ya rage na rana, kowa ya ɗau nashi ya yi gefe, wani gaban tele wani ƙofar gida. Abin nan ya daɗe yana damuna, don ni a gidanmu na tashi ana shimfiɗa tabarma bayan magariba kowa ya zo ya zauna, ko da hura ce kawai za a sha.

Babbar ɗiyata ce ta kawo mini waya wata rana ta ce Mama dubi wannan, ki yi mana shi don Allah. Bidiyo ne na wata mata tana soya niƙaƙƙen nama da tamati har ya yi kauri, tana zuba shi cikin wani burodi mai zagaye, romon yana gangarowa ta gefe. Abincin mutanen Amurka ne, Sloppy Joe suke ce mishi, ba a cin shi a tashi da tsabtataccen hannu. Can abincin yara ne da na ranar da uwa ta gaji, har a makarantu ana ba ɗalibai, kuma tun 1969 kamfanin Hunt's ke saida miyarshi a gwangwani da sunan Manwich, sai dai ki soya nama ki juye. Na ce to ai mu ma muna da nama muna da tamati, burodi kuwa ko wace kwana akwai mai saidawa.

Na farko da na yi bai yi ba. Ruwa ya yi tsululu, naman ya yi fari fat kamar an tafasa shi, burodin ya jiƙe ya narke a hannun yara, na ji zafin abin sosai don kilo guda na nama ba ƙaramin kuɗi ba ne a gida irin namu. Daga baya na gane kurakurai biyu na yi. Na wanke naman bayan an niƙa shi, sannan na juye shi gaba ɗaya cikin ƙaramar tukunya. Nama in za a wanke shi to tun yana tsoka ake wankewa a tsane shi sannan a kai inji, in aka niƙa an gama, ruwa ba ya ƙara taɓa shi.

Bari in tsaya kan maganar naman nan don ita ce ta fi komai. Da safe nake zuwa wajen mahauci in zaɓi tsokar da idona, kuma ina cewa ya haɗa mini da ɗan kitse, kamar kashi 1 cikin 5, don tsoka zalla in ta soyu bushewa take ta koma kamar tsakuwa a baki. A gabana ake niƙawa. Ba na sayen wanda na tarar an riga an niƙa an tara a faranti ko da ya fi araha, ba don ina zargin kowa ba, dalili shi ne ƙwayoyin cuta a bayan tsoka suke zama, in tsokar ɗungurungum ce wuta na taɓa ta sun mutu, amma inji yana cuɗa baya da ciki ya zama ko'ina akwai su. Ga zafin garin nan, a Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, ga kuran da ke tafiya ya bar firigo ya huce ba ki sani ba. Shi ya sa ranar da aka niƙa ranar nake dafawa, in na dawo gida da wuri ma soya shi nake in aje soyayye har yamma. Masana lafiyar abinci sun ce niƙaƙƙen naman sa ya kai digiri 71 a ciki kafin a ci, mu ba mu da abin awo a madafa, to abin da nake dubawa kar a ga ja ko kaɗan, kuma ya daɗe yana tafasa cikin miyar. Ranar da ban samu inji ba yanka shi nake ƙanana da wuƙa mai kaifi in ɗan daka a turmi, yana cin lokaci amma wallahi ya fi na injin daɗin tauna.

Mu 7 ne a gida har da Hajiya mahaifiyar maigida, kilo 1 yana isar mu har a rage. Kasko mai faɗi nake ɗorawa, in zuba man gyaɗa cokali 3, namu na nan wanda mata ke matsewa, mai ƙamshin ƙuli. Sai man ya yi zafi sosai sannan in zuba rabin naman in baza shi, in ƙyale shi. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, hannu yana ƙaiƙayi a juya, to kar ki juya, bar shi ya kama ƙasa ya yi ja-ja tukuna, za ki ji ƙarar ta canza daga ta tafasa ta koma ta suya, ƙamshin ma ya canza ya koma kamar kin wuce ta gaban mai tsire. Sannan ki farfasa shi da ludayi ki kwashe, ki zuba sauran rabin. Wannan baƙi-baƙin da ya manne a gindin kasko kar a kankare a zubar, rabin daɗin miyar yana nan.

A cikin man da ya rage nake zuba albasa manya 3 yankakku ƙanana. Ni albasar Galmi nake nema, mai launin shuɗi-ja ɗin nan, in ta daɗe a wuta zaƙi take yi har ba sai an sa sukari da yawa ba. Ina ba ta kamar minti 10 a wuta marar ƙarfi, da ɗanyen tattasai guda 2. Kafin nan na riga na daka tafarnuwa da ɗanyar citta da masoro da daddawa a turmi, sai in juye su in juya minti 1 kawai don tafarnuwa in ta ƙone ɗaci take. Sai tamatin gwangwani cokali 3 manya, shi ma soya shi ake cikin man har ya yi duhu, in ba haka ba tsamin gwangwanin nan yana nan a harshe. Sai ɗanyen tamati guda 5 markaɗaɗɗu, lokacin sanyi da na lambunan Jiratawa ke shigowa kasuwa ina ƙarawa don ya yi arha kuma jajir yake. Garin tattasan Diffa cokali 1 saboda launi. Gishiri, dunƙulen Maggi 2.

To ga inda na bar hanyar matar bidiyon. Su can ketchup suke zubawa da wani baƙin ruwan ɗanɗano na Ingila mai suna Worcestershire, su ne ke ba abin zaƙi-zaƙi da tsami-tsami. Ketchup akwai shi a kantuna amma tsada, ɗayan kuwa ban ma tsaya nema ba, da na duba abin da ke cikinshi sai na ga ashe har da tsamiya da ƙananan kifi da aka tsima. Na ce ikon Allah, tsamiya da muke kunu da ita kullum! Abin da kifin ke yi musu kuwa ai shi daddawa ke yi mana tun kaka da kakanni. Sai na jiƙa tsamiya kamar cikin tafin hannu a ruwan ɗumi rabin kofi, na murje na tace, na zuba da sukari ƙaramin cokali 1. Ranar da na fara haka maigida ya ɗaga kai ya ce yau kam wannan namu ne. Daddawar fa kar ta yi yawa, ƙwaya guda ƙarama ta isa kilo, so ake a ji ta daga nesa, ba miyar kuka ake ba.

Daga nan sai in maida naman, in rage wuta, in bar shi buɗe ba murfi kamar minti 20 zuwa 25 ina juyawa jefi-jefi. Yadda nake gane ya yi, ina jan ludayi ta tsakiyar kaskon, in hanyar ta tsaya ina ganin gindin kasko kafin miyar ta rufe ta a hankali to ya yi, in ta rufe nan take da saura. Romo ake so mai manne wa nama, ba wanda zai bi hannu har gwiwa tun cizon farko ba. Attarugu ba na sa shi a babban kasko saboda auta, sai na kwashe na yara sannan in jajjaga guda 2 in zuba a na manya.

Burodi kuwa dogon nan namu na bageti ya fi, kuma ra'ayina ne ya fi nasu mai zagayen ma dacewa da wannan abinci, don ɓawonshi yana da ƙarfi yana riƙe romo. Na yamma nake aika a sawo, mai ɗumi, na safe zuwa dare ya riga ya zama sanda. Ko wane guda ina yanka shi 3, in tsaga ta gefe ɗaya ban raba shi biyu ba, in ɗan ƙwaƙule farin cikin da yatsa ya zama kamar kwale-kwale. Farin nan ba na zubarwa, marmasa shi nake cikin miyar, in ta yi ɗan ruwa shi ke kama ta. Sai in kifa burodin kan garwashin murhu ɗan lokaci kaɗan cikin ya bushe ya yi ƙamas. Burodin Najeriya mai laushin nan na leda na gwada shi, yana da zaƙi kuma yana shan romo ya lauye, ga yara bai yi ba, amma shi nake aje ma Hajiya saboda haƙora.

Ita Hajiya da farko ƙin ci ta yi. Ta ce ɗiyata, burodi ai abin shan shayi ne, wa ya taɓa kwana da burodi a ciki ya ce ya ci abinci. Na ce Hajiya ki yi haƙuri ki ɗanɗana ko loma guda, hurarki tana nan na dama miki. Ban ja maganar ba don na san gaskiyarta, mutumin da ya shekara saba'in yana kwana da tuwon hatsi ba ka canza mishi ciki rana ɗaya. Na zuba mata naman a ƙaramin kwano daban na aje burodin a gefe. Tana gutsura tana dangwalawa kamar yadda ake yi da tuwo, ba ta ce komai ba har ta share kwanon da ɓawon ƙarshe, sannan ta ce Allah shi yi miki albarka, wa ya koya miki sa daddawa a nan?

Yanzu yadda muke yi, bayan sallar isha'i ake shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida, in kawo kaskon kanshi in aje kan faifai a tsakiya, burodi a tire, ga yankakkiyar albasa da kokombur da na matsa ma lemun tsami, ga yajin ƙuli a murfin kwano don maigida ba ya cin nama babu shi. Mayonez yara na so, ni ina ganin yana danne ɗanɗanon tsamiyar, amma ina aje musu su shafa kaɗan. Kowa shi ke cika nashi. Kuma abincin ba ya barin mutum ya ɗauka ya tafi gaban tele, dole ka zauna ka sunkuya kan faranti da hannu biyu, waya ma ba ta riƙuwa. A nan nake jin labarin lakwal na sati gaba ɗaya, wa malam ya yaba, wa aka kora waje, a nan na fara jin cewa yarona na biyu ba ya ganin allo sosai daga bayan aji, abin da ya ɓoye mana wata da watanni, yana cikin lasar yatsa ya faɗe shi kamar ba komai ba. Satin da ya biyo muka kai shi aka auna idon.

Jiya auta ta cika nata har ya ƙi rufuwa, ta gantsara, romon ya bi ta haɓa ya sauka kan rigar barcinta, ta dube ni ido waje tana jira ta ji ko zan yi faɗa. Babanta ya miƙa mata tsumma ya ce ci abinki uwata, wanki na gobe ne. Ta ƙarasa shi tas ta miƙo hannu a ƙara.

Abin da ya rage ba na bari ya kwana a waje, yana hucewa nake sa shi a firigo, in kuma babu kuran sai in sake tafasa shi sosai kafin in kwanta in kuma tafasa da asuba, a ci shi da safe a gama, ba ya kai rana. Yau da taliya yaran suka ci shi. Hajiya kuwa ta riga ta ba da saƙo, wai Juma'a mai zuwa a gwada da naman akuya, jar akuyar nan tamu ta Maradi, kuma a ƙara mata citta. Na ce to Hajiya, in Allah ya kai mu. Zan je wajen mahaucin da wuri in ce ya aje mini cinya da ɗan kitsen ciki, don naman akuya bai kai na sa maiƙo ba.